Geron da Kulu Ta Hana Ɗanta

Bana shekara ɗari ke nan da rasuwar Kulu. To, ɗari ko da ɗaya, ko ba ɗaya, kar wani ya taso ni yana neman takardar shaida. A wancan zamani wa ke rubuta ranar mutuwar mace a ƙauye? Iya ce, kakata da ta haifi babana, ta zauna ta ƙirga min damina-damina da yatsunta, tun daga shekarar da aka binne Kulu, lokacin baban Iya yana famfara, har zuwa wannan da muke ciki. Lissafin Iya kuwa bai taɓa ba ni kunya ba. Kulu kakar Iya ce. Ni kuma sunanta na ci, Hauwa'u, amma in ka kira ni Kulu a makaranta ko waiwayowa ba zan yi ba. Jidda ake ce min. Iya ce kaɗai bakinta ba ya iya kama sunan, sai dai ta ce min "Kaka".

Da so samu ne, wannan rubutu na murna ne, don wallahi ina cikin shagali. Mun gama jarrabawa, kuma a aikin da malaminmu na Turanci ya ba mu ni na ɗaga kofi, har ya karanta nawa a gaban aji, ƙawayena suna ta ihu kamar an ɗaura aure. Aikin shi ne kowa ya ɗauki kalmar Turanci ɗaya da matasa ke yayi, ya bi sawunta har gidan ubanta. Ni na ɗauki clout, wadda bakinmu ya lanƙwasa ta koma kilawut. In kai ba ɗan waya ba ne, kilawut shi ne a san da zamanka, ka yi magana ta zaga gari, ka karkata hula yau gobe ka ga samari sun karkata tasu. In aka ce wane kilawut yake nema, to neman suna yake, ko da da suman ƙarya ne a gaban kyamara.

Abin da na tono a ƙamus sai da ya ba ni dariya. Ashe a tsohon Turanci tsumma ce, ɗan ƙyallen da ake faci da shi. Daga nan ta koma duka, irin wanda ake sauke wa mutum a ƙeya. Can daga baya 'yan siyasar birni a Amurka suka ɗauke ta, ta zama ƙarfin da mutum ke da shi na sa a yi abu ko a fasa, irin na mai uwa a gindin murhu. Sai mu 'yan waya muka tsince ta a hanya, muka kakkaɓe, muka yafa. Shafi huɗu na cika da wannan. Abu ɗaya ya rage min: malam ya ce kowa ya kawo takwarar kalmarsa a Hausa, kuma daga bakin tsoho, ba daga waya ba.

Shi ya sa da bazara na hau mota daga Gumel zuwa Sule Tankarkar, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni ƙauyenmu, can gaba da Ɗanzomo ta wajen iyaka, inda sai ka hau tudu kake samun sabis, wani lokacin ma na Nijar ne zai kama ka. Sunan ƙauyen ba zan faɗa ba, Baffa Sale, yayan babana, ba zai yafe min ba. Na tarar da Iya a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa, na zube na gaishe ta, na kwashe bayanin kilawut kaf na faɗa mata.

"Faɗa a ji kike nufi," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Wa ke da shi a cikinku?"

"Ni mana, Iya. Mabiyana dubu goma sha biyu."

"Duk bin ki suke yi? Ina za ku?"

"Ba tafiya ba ce, Iya, a waya ne."

"Au, kowa yana kwance a ɗakin uwarsa. To Allah ya sauke ku lafiya." Ta kaɗe zaninta. "Tashi, Kaka, ki ɗauko min tulun da ke bayan gado. A hankali, ya girmi ubanki."

Na san tulun tun ina ƙarama, ɗan baƙi, bakinsa toshe da tsumma an shafe da laka. Na ɗauka magani ne. Da ta fasa lakar ta karkato shi a faifai, sai gero ya zubo, cuɗe da toka, ƙwayarsa manya-manya, ta fi wadda na saba gani a kasuwa. Ta ce, "Ɗan Kulu ke nan." Na taɓa jin gutsure-gutsuren labarin, irin jin da yara ke yi suna wasa. Ranar ce na ji shi daga kai har gindi.

Kulu 'yar arewa ce, daga wani ƙauye ta wajen Damagaram. Lokacin da aka kawo ta gidan miji tafiyar wuni ɗaya ce a jaki, ƙasa ɗaya, daji ɗaya. Ba ta daɗe da tarewa ba Turawa suka zo suna kafa turaku a dawa, aka wayi gari gidan ubanta ya zama Faransa, gidan mijinta Ingila. Matan gari suka samu abin tsokana, ko a rijiya sai dai ka ji "a ba Bafaransa guga". Ba kowa ba ce. Ba 'yar sarauta ba, ba matar malam ba. Abu ɗaya ta iya, ajiyar iri. Hatsin da ta sa wa hannu ƙwaro ba ya taɓa shi. Da aka gane haka, sai ya zama al'adar garin, bayan girbi kowane gida ya zaɓi zangarniyarsa mafi tsawo da cika ya kai mata. Ita kuma ta murje da hannu, ba a turmi ba, don kar ƙwaya ta ji rauni, ta shanya, ta cuɗa da tokar kara mai sanyi, ta ɗura a tulu ta toshe. Tulu shida a ɗakinta, irin gida arba'in a haɗe. Ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka.

Sai shekarar babbar yunwa ta zo, wadda tsofaffi ke kira Kakalaba. Damina ta yi rowa, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Duk da haka Kulu ta bi gida-gida ta karɓi 'yan zangarniyoyin da suka tsira, ta cika tulunanta. Kafin bazara rumbuna sun zama wayam. Mutane suka ci tafasa, suka jiƙa anza, suka sussuke ƙarangiya, suka haƙa gidan tururuwa suna ƙwace abin da ta tara. Wasu suka yi kudu, ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Daga nan idon gari ya koma kan ɗakin Kulu.

Da hantsi suka zo, Bulama a gaba, magidanta a baya, har da mijinta. Suka tarar da ita zaune a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya, ɗanta Nomau a cinya. Shekararsa huɗu, shi kaɗai gare ta a lokacin, kuma ya kwana biyu ko kuka ba ya iya yi.

Bulama ya ce, "Kulu, tashi."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, sai dai ka tsallake ni."

Kun san dai ba a tsallake mutum, balle mace da yaro a cinya. Aka yi cirko-cirko. Mijinta ya matso ya ce, "Ke Kulu, ki ji tsoron Allah. Ɗanki ne fa a cinyarki."

Ta ce, "Na san nauyinsa, ni ke ɗaukarsa. Kullum raguwa yake."

Ba wanda ya tsallake. Gobe suka dawo, jibi suka dawo, tana nan. Kwana tara bayan haka Nomau ya rasu, taku uku tsakaninsa da tulu shida na gero.

Nan na dakatar da Iya. Na ce, "Haba Iya, wannan ai rashin imani ne! Ko kunu cokali ɗaya?" Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Haka uwar da ta haife ta ma ta ce, ta mutu ba ta ƙara yi mata magana ba. Amma ke da kika ci taliya da safe, ba ke za ki yi wa mai yunwa shari'a ba." Kulu dai ba ta taɓa yi wa kowa bayani ba. Gwaggon Iya ce, 'yar kishiyar Kulu, wadda ta ga abin da idonta, take cewa: tulu shida in an dafa, kwana uku gari ya cinye, daga nan sai a zauna a jira mutuwa ko da an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kuma da ta ɗebi cokali ɗaya don nata, da wane baki za ta hana na wasu?

Ba a nan ta tsaya ba. Bayan kamar sati uku aka yi ruwan farko, maza suka fito da sungumi suna rangaji. Kulu ta fita bayan gari ta durƙusa ta tona ƙasa da hannu. Laima ta ƙare a wuyan hannu. Ta miƙe ta ce, "Ba yau ba." Mijinta ya ɗaga hannu zai kife ta da mari, Bulama ya riƙe shi. Aka yi kwanaki rana na ƙwallewa, wadda da an shuka da ta soye tsiron tas. Sai da aka tafka na biyu, ta tona laima ta kai gwiwar hannu, sannan ta fasa laka. Ƙoƙo ɗaya kowane gida, ta auna da hannunta, gidan Bulama ƙoƙo ɗaya, gidanta ƙoƙo ɗaya. Wasu da rarrafe suka yi shukar. Wannan geron shi ya tashi garin, mai doguwar zangarniya da gashi-gashin da ke hana tsuntsu sauka. Har daga hayin Faransa aka riƙa zuwa roƙon irinsa. Mutane suka sa masa Ɗan Kulu. Ita kuwa ba ta taɓa kiransa da wannan suna ba, kuma tun daga ranar har ta koma ga Allah ba ta ƙara sa gero a bakinta ba. Ba fura, ba kunu, ba tuwo. Dawa take ci, in babu ta kwana haka.

Shekara goma sha ɗaya ta yi bayan yunwar, ta haifi baban Iya, sannan wani zazzaɓi ya ɗauke ta. A cikin shekarun nan ba a yin komai a garin sai an ji ta bakinta. Ranar shuka ita ke faɗa. In rikici ya tashi a rijiya tsakanin manoma da makiyaya, ko 'yan'uwa suka ja daga a kan iyakar gona, ba ta ma zuwa. Ƙoƙon nan da ta raba iri da shi take aikawa, a ajiye a tsakaninsu. Duk wanda ya gan shi sai jikinsa ya yi sanyi, don ya san abin da ya ci a ciki, ya kuma san wanda bai ci ba. Na ce wa Iya, "Ashe shi ne shuɗin makinta," irin wanda ake liƙa wa manyan waya a gefen suna. Iya ba ta gane ba, ni ma da na faɗa ban yi dariya ba.

Na sha tambayar kaina, da Kulu za ta leƙo yau ta ga yadda muke samun namu faɗa a jin, me za ta ce? Ina jin ba za ta ce komai ba. Iya ta ce maganarta a wuni ba ta cika cikin cokali. Ni kuwa kafin a yi sallar azahar na saki magana talatin, babban yatsana har kanta ya yi. Ita sau ɗaya ta ce a'a, ta biya da abin da ba ya dawowa, gari ya yi shekara goma sha ɗaya yana jin amon wannan a'a ɗin. Ban ce ina sha'awar irin nata ba. Wallahi ba na so, Allah ya raba mu da ranar da za a gwada mu haka. Kawai dai na gane ba abu ɗaya muke kira da suna ɗaya ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Abin da ke cikin ɗan tulun nan shi ne Ɗan Kulu na ƙarshe da Iya ta sani a duniya. Gidajen garin duk sun bar shi, an koma gero mai saurin nuna, da riɗi da zoɓo da ake lodi zuwa kasuwar Maigatari. Iya ce kaɗai take shuka 'yan layuka a bayan gida tana sabunta shi, har gwiwa ta hana ta, aka kuma gina ɗakin bulo a wurin. Rabonsa da ƙasa damina huɗu. Iri kuwa ba dutse ba ne, rai gare shi, in ya daɗe a tulu fita yake a hankali. Iya ta ce in bai shiga ƙasa bana ba, shi ke nan. Abin da ake nema bai fi layi biyar a gonar Baffa Sale ba, da hannun da zai nome. Ta roƙe shi bara, ta roƙe shi bara waccan, yana cewa sai baɗi.

Na ce, "Iya, bar min wannan. Yau za ki ga aikin mabiya." Na jingina wayata da turmi, na zaunar da ita da tulun a gabanta, ta ba da labarin, na yanka na haɗa, na hau tudu na saki. Jama'a, abin ya fashe! Kwana biyu wayata har zafi take yi. Kallo ya haura dubu ɗari biyu, mabiyana suka ninka sau uku. Na yi rawa a tsakar gida har kaji suka watse. "Allah sarki Kulu." "Wallahi na yi kuka." "Mata iyayenmu." Wasu samari biyu suka kwana uku suna dambe a ƙarƙashin bidiyon a kan ko ta yi daidai ko ba ta yi ba. Wani ya ce ƙarya ce, don kilawut na ƙirƙira. Wani alhaji ya ce a sayar masa da tulun ya ƙawata falonsa. Wata ta ce in zo in yi mata tallan man shafawa tunda yanzu ina tashe. Masu cewa "a turo min in shuka" sun fi ɗari. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambayar ina gonar take. Ɗaya ya ce a bene yake zaune. Sauran suka karanta suka yi gum.

Duk da haka da ƙarfin gwiwata na tafi gona wajen Baffa, yana sharar ƙaya shi da 'ya'yansa. Na gaishe shi, na miƙa masa wayar. "Baffa, ka gani, mutum dubu ɗari biyu ke goyon bayan a shuka Ɗan Kulu."

Ya goge hannu a riga, ya riƙe wayar nesa da fuska. "Ma sha Allah. Yaushe za su iso, 'yar boko? In sa a dafa da su."

"Baffa, ba zuwa za su yi ba…"

"Ko goma a cikinsu sun ishe ni noman fari. Sauran su jira maimai."

'Ya'yansa suka kwashe da dariya. Sai ya miƙo min wayar, muryarsa ta sauka. "Jidda, ni ma da tuwonsa na girma, ban manta daɗinsa ba. Amma Ɗan Kulu sai ya sha ruwan wata huɗu. Yaushe rabon da ki ga damina ta yi wata huɗu a garin nan? Baki goma sha huɗu ke jiran gonar nan. Riɗin da kike harara, da shi ake taya ubanki ɗawainiyar karatunki."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita gaskiya ɗaci gare ta. Ina shirin juyawa sai na ga Baffa ya miƙe tsaye sosai yana kallon bayana. Ashe Iya ta biyo ni, da sandarta, tana ɗingishi, tafiyar da rabonta da yin ta an shekara biyu. Ta tsaya a bakin gona tana haki. Ba ta yi doguwar magana ba. Cewa kawai ta yi, "Sale."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "To, Iya. A gwada shi. In rabi ya tsira, layi biyar na gabas naku ne, ni zan nome da hannuna." Dubu ɗari biyuna ba su motsa shi ko taku ɗaya ba. Sunansa da aka kira sau ɗaya ne ya motsa shi.

Gwajin iri a wajenmu ba ya buƙatar boko. Iya ta yage gefen wani tsohon zaninta, ta ƙirga ƙwaya ɗari ta zuba, ta ƙulle, ta jiƙa, ta tura ƙarƙashin randa inda ke da sanyi da laima. Na ce a raina, oh, kilawut, ga mu mun dawo kan tsumma. Kullum da safe ni ke yayyafa masa ruwa, ina leƙawa kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. A rana ta huɗu Iya ta sa aka kira Baffa, ta kwance ƙullin a gabansa. Bakwai ne suka fito da ɗan farin baki. Sauran sun kumbura sun yi baƙi, suna wari. Na ce a'a, na sama ne ya sha iska, a ɗebo na ƙasan tulu. Aka sake, muka ƙara kwana huɗu. Huɗu suka tsira.

Baffa ya daɗe yana kallon tsumman. Ya cire hula, ya mayar. Ya ce, "Iya, ki yafe ni. Da na ba ki tun bara waccan."

Ta ce, "Ba kai ba ne, Sale. Kwanansa ne ya ƙare."

Tsiro goma sha ɗayan nan na kwaso su na kawo Gumel, na yanka jarka na cika da ƙasa na dasa a bayan ɗakinmu. Uku suka rayu. Yanzu haka sun fi ni tsawo, sun fitar da kai, ina ɗaukarsu hoto kullum. Da Baffa ya shigo gari na ja shi ya gani, ina ta tsalle. Ya shafa zangarniyar da bayan hannu, kamar mai taɓa goshin mara lafiya, ya ce, "Kin yi ƙoƙari. Amma kara uku ba iri ba ne, Jidda. Ɗan Kulu geron gida arba'in ne aka haɗa a tulu ɗaya. Wannan in ya yi ƙwaya, in tsuntsu ya bar miki, abin da zai haifa baɗi sai dai ki kira shi da sunan don kara." Na so in yi musu, amma na tuna shi ne manomi, ni mai waya ce.

Sauran geron da ke tulu, wanda ya mutu, na ɗauka Iya za ta mayar ta toshe ta ajiye don tarihi. Ina! Ranar wata Juma'a da safe ta sa aka wanke tokar, aka surfa, aka daka, aka yi gumba. Ta ce shekara ɗari ta cika, a yi wa Kulu da Nomau sadaka. Aka kira yaran maƙwabta, suka yi layi, kowa aka dunƙula masa a hannu. Na tsaya ina kallon wani ɗan mitsitsi, bai fi shekara huɗu ba, yana lashe yatsu, yana neman ƙari. Aka ƙara masa. Geron da aka hana Nomau cokali ɗaya, ga shi ana ba wani har sau biyu, don yanzu ba abin da zai tsare. Na ɗanɗana nawa. Ɗaci-ɗaci, da warin tsufa, sukarin ma bai rufe ba. Baffa ya karɓi nasa da hannu biyu, ya juya mana baya ya ci.

Dunƙule ɗaya ya rage a ƙwarya. Iya ta rufe da faifai ta turo gabana. "Kaka, ga na mutanenki. In sun iso ki raba musu."

To me ya rage na Kulu bayan shekara ɗari? Ƙoƙon ya fashe tun kafin a haifi babana. Kabarinta ba wanda ya san inda yake, an ce yana cikin wata gonar riɗi. Al'adar kai zangarniya gida ɗaya ta mutu, yau kowa leda yake sayowa, kuma ban ga laifin kowa ba, ciki ba ya jiran tarihi. Sunanta yana kaina, ni kuma na canja shi da wanda ya fi daɗin rubutawa a waya. Saura kara uku a jarka, da tsohuwa ɗaya da har yanzu in ta kira sunan ɗanta yake sunkuyar da kai. Iya ta haura tamanin. Ranar da ta tafi, ban san wa zai ƙara kiran wani a gidanmu ya tsaya ba.

A takardata na rubuta cewa takwarar kilawut a Hausa ita ce faɗa a ji, malam ya ja layi a ƙarƙashi ya rubuta "madalla". Makin na nan, ba zan mayar ba, na ma yi murnarsa. Amma da zan sake, da na rubuta cewa ban samo takwarar ba. Mabiyana yanzu dubu talatin da shida, yau da safe ma an ƙaru. Dunƙulen gumbarsu yana nan a kan tagata, ya bushe ya tsage, tururuwa ce kaɗai ta zo. Allah ya jiƙan Kulu, ya jiƙan Nomau, ya haɗa su inda ba a auna hatsi da ƙoƙo.